Faifan Blu-ray ya ƙi tashi a kwamfutar tebur: na'ura ce matsalar ko manhaja?

Bazamfare77, Gusau

Assalamu alaikum. Malamai masana kwamfuta, ina neman taimako a kan faifan Blu-ray. Kwamfutar Dell OptiPlex 7010 ce mai dogon akwati, furosesa Core i5 na zubi na uku, RAM giga 8, Windows 10. Na'urar faifan da ke jikinta an rubuta mata DVD-RW a goshi. Faya-fayan guda huɗu ne, duka na asali cikin kwalinsu: biyu daga Ingila, ɗaya daga Amurka, na huɗun kuma baƙin kwali ne an rubuta masa 4K Ultra HD. Duk wanda na saka, tire ya shige, na'urar ta yi ƙugi kamar sau uku ta yi shiru, kwamfuta kuma ta ce in saka faifai. Na ɗora manhajar kallon bidiyo ta VLC, babu abin da ya sauya. Monita ta VGA ce, amma akwai talabijin inci 43 mai HDMI da nake so in haɗa.

Me zan saya, me zan ɗora, kuma akwai wanda ba zai taɓa yi ba a cikin huɗun nan? Ba na so in aika Kano a sayo mini abin da zai zo ya zama kayan ado. Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Kaura, Kaura Namoda

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ƙyale VLC tukuna, ba ta da laifi a wannan matakin. Ƙugin nan da shirun da ya biyo baya na nufin na'urar ta haska faifan, ta nemi layin da za ta bi, ba ta gan shi ba, ta haƙura. Na'urar DVD da jan leza take karatu, mai zango nanomita 650. Shi Blu-ray ramukan rubutunsa ƙanana ne ƙwarai, layukansa a matse, sai leza mai shuɗi na nanomita 405 ke iya ganinsu. Wannan matsin ne ya sa faifai mai faɗi ɗaya da DVD, santimita 12, yake ɗaukar giga 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a shimfiɗa biyu, alhali DVD bai wuce 4.7 ko 8.5 ba. Babu manhajar da za ta mayar da jan ido shuɗi. Duk wanda ya ce akwai direbar da zai sauke maka ta sa DVD-RW ya karanta Blu-ray, kuɗinka yake so.

In kana son tabbatarwa, buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin DVD/CD-ROM drives. Sunan na'urar da ke karanta Blu-ray galibi yana ɗauke da BD, kamar BD-ROM ko BD-RE. In DVD kawai ka gani, magana ta ƙare.

Tunda akwatinka dogo ne, kana da gurbin inci 5.25, wanda shi ne mafi sauƙin sha'ani. LG WH16NS40 ko ASUS BW-16D1HT duk suna shiga, kuma irin wayoyin da ke jikin tsohuwar na'urarka suke amfani da su: siririyar wayar SATA ta bayanai mai fil 7, da mai faɗi ta wuta mai fil 15. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyar don ragowar wutar ta fita. Buɗe murfin gefe, ɓalle fuskar gaba, zare wayoyin biyu, danna sakatar da ke riƙe da na'urar ka turo ta waje ta gaba. Akwai sukurori masu kafaɗa a gefenta, su ne ke bin layin gurbin. Kwance su ka ɗaura wa sabuwar a ramuka iri ɗaya, in ba haka ba za ta shiga amma ba za ta kama ba, tire na fita tana rawa. Windows za ta gan ta da kanta. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara tartsatsi.

Masu ƙaramin akwati na kwance su lura, nasu gurbin na siririyar na'ura ce irin ta laftof, wata kaurinta milimita 12.7, wata 9.5, kuma bakin wayarta daban ne. A auna kafin a saya.

Ta waje mai USB ita ma tana yi, kuma ba gudun USB ne ke ba ta matsala ba. Fim ɗin Blu-ray, hoto da sauti gaba ɗaya, bai wuce megabit 48 a daƙiƙa ba, USB 2.0 ma ya ɗauke shi da sarari. Wuta ce matsalar. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, siririyar na'ura kuwa tana jan wuta sosai a lokacin da take tayar da faifai. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. A soka duka biyun a ramukan baya, waɗanda ke jikin madabod, wato babban farantin cikin kwamfuta, kai tsaye. Alamar ƙarancin wuta ita ce ƙas-ƙas, faifai ya fara juyawa ya tsaya, na'urar ta ɓace daga kwamfuta ta sake bayyana.

In tokumbo za a sayo maka, kada a yi sayen kifi a ruwa. Lezan Blu-ray daban, na DVD da CD daban a cikin na'ura ɗaya, ɗaya kan mutu ɗaya na aiki. Mai shago zai saka DVD ya nuna maka tana karatu, ka kawo gida ka tarar shuɗin ne ya mutu. Ka haɗa ɗan aiken da ɗaya daga cikin faya-fayan Ingilan nan. Ba sai fim ya tashi ba, in dai kwamfutar shagon ta nuna sunan faifan da foldar BDMV a ciki, kuma girmansa ya haura giga 25, to idon ya ga faifai mai shimfiɗa biyu, wanda shi ne ke fara gagarar leza mai rauni.

Wani abu a gefe, don masu karantawa da suka sayi nasu a kasuwa: yawancin faya-fayan da ake rubuta wa Blu-ray ko HD a kwali, masu fim goma sha a faifai ɗaya, DVD ne aka matse fina-finai a ciki. In ya buɗe a na'urar DVD, girmansa bai kai giga 9 ba, ba Blu-ray ba ne ko me aka buga a bayansa.

Malama_BK, Birnin Kebbi

Injiniya ya gama da ƙarfe, saura inda gizo ke saƙa. Malam Bazamfare, ranar da ka ɗaura sabuwar na'ura za ka ga faifan ya bayyana, ka shiga BDMV, ka shiga STREAM, ka ga manyan fayiloli masu ƙarshen m2ts, ka danna mafi girma, ya ƙi buɗewa ko ya fito da dabbare-dabbare. Kada ka ce an sayar maka da matacciya. Fayilolin a kulle suke da kwaɗon da ake kira AACS, wasu faya-fayan kuma an ƙara musu na biyu mai suna BD+. Mabuɗin yana hannun kamfanonin da suka biya lasisi. Microsoft ba ta taɓa saka shi a cikin Windows ba. Tun daga Windows 8 ma ta cire kunna DVD, kuma ƙaramar manhajarta ta Windows DVD Player ba ta taɓa Blu-ray. Apple ma haka, babu Mac ɗin da ya taɓa fitowa daga kamfani da na'urar Blu-ray.

Hanya mafi ƙarancin ciwon kai ita ce manhaja mai lasisi, kuma wadda aka fi sani ita ce PowerDVD ta kamfanin CyberLink na Taiwan. Akwai kuma WinDVD ta Corel. A PowerDVD ka kula da bugun da za ka saya, domin ba kowane bugu ke kunna Blu-ray ba. Tana kawo menu yadda aka tsara shi, da zaɓin harshe da rubutun ƙasa, ba sai ka taɓa komai ba. Sharuɗɗanta biyu ne ke kama mutane. Na farko, lokaci-lokaci tana neman intanet don sabunta mabuɗanta, in ba ta samu ba sabon faifai zai ƙi. Na biyu, tana bincikar wayar da ke tsakanin kwamfuta da allo, wannan kuwa zan bar wa masu wayoyi su yi bayani. Waɗanda ake ɗorawa a shago da fasasshen lasisi su ne suka fi mutuwa a wajen sabuntawar nan, ban da ƙwayoyin cutar da ake cusawa a cikinsu.

VLC tana iya kunna Blu-ray, amma ba ta zuwa da mabuɗi. Abu biyu take nema: fayil ɗin libaacs.dll a cikin foldar da aka girka VLC, da fayil ɗin mabuɗai mai suna KEYDB.cfg a cikin folda mai suna aacs, wadda za ka ƙirƙira da kanka a ƙarƙashin AppData, cikin Roaming. Rubuta %APPDATA% a akwatin Run zai kai ka can kai tsaye. A Linux kuma wurin shi ne .config/aacs a gidan mai amfani. Sannan a VLC ka shiga Media, Open Disc, ka zaɓi Blu-ray, ka sa alama a No disc menus.

Ga inda ake faɗuwa. In VLC ɗinka mai bit 64 ce, libaacs ma dole ya zama mai 64. In an haɗa su sun saɓa, za ta ci gaba da cewa ba ta ga fayil ɗin libaacs ba kamar ba ka saka komai ba. Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai mutum ya ajiye KEYDB.cfg.txt bai sani ba. In saƙon ya koma maganar "No valid processing key", to libaacs ya zauna daidai, mabuɗin wannan faifan ne babu a fayil ɗinka. Menu kuma yawancinsa da Java aka rubuta shi, sai an girka Java mai bit daidai da na VLC yake tashi, shi ya sa na ce a tsallake shi.

Akwai wata matsala da ke ruɗa mutane har su zargi na'ura. Kowane sabon faifai yana zuwa da jerin shaidun manhajojin da aka soke. Da ka saka shi, na'urar faifan tana kwafe jerin ta adana a cikin ƙwaƙwalwarta. In shaidar da ke cikin fayil ɗinka na cikin waɗanda aka soke, daga ranar na'urar za ta daina amsa mata, har a kan tsoffin faya-fayan da ba ka taɓa buɗewa ba. Sake girka Windows ba ya warkar da wannan, tunda ba a cikin Windows abin yake ba. Dalilin da ya sa nake kallon hanyar VLC a matsayin ta gwaji kenan, ba wadda za a tara iyali a zauna jiranta ba.

Batun shiyya. Blu-ray ya raba duniya uku: A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma Rasha da Sin da Indiya da maƙwabtansu. Najeriya B ce, saboda haka na Ingila biyun nan 'yan gida ne. Na Amurka ka juya bayan kwalinsa. In ka ga A kaɗai a cikin tambari mai kusurwa shida, a kulle yake. In ka ga A da B da C tare, ko babu komai, mai yiwuwa a buɗe yake, da yawa haka suke. Bambancinsa da DVD shi ne ba na'urar faifai ce ke riƙe shiyyar Blu-ray ba, manhaja ce. PowerDVD sau biyar take bari a sauya, na biyar ɗin ya zauna. Kada ka yi ta kai da komo tsakanin A da B har su ƙare a kan A. VLC kuwa tana da wurin zaɓar shiyya a cikin cikakken saitinta, ƙarƙashin Access modules, kuma in aka tsallake menu galibi binciken ma ba ya tashi, domin a cikin shirin menu yake.

Furosesanka ya isa. Hoton Blu-ray da ɗaya cikin uku ake matse shi, MPEG-2 ko H.264 ko VC-1, kuma sashen hoto na Intel da ke cikin zubi na uku yana warware duka ukun da kansa. Sai dai ka duba Display adapters: in Microsoft Basic Display Adapter ka gani maimakon Intel HD Graphics, direbar hoto ba ta hau ba, fim zai riƙa tsalle, sauti kuma ba zai bi waya zuwa talabijin ba.

Bazamfare77, Gusau

Na gode, Injiniya, na gode, Malama. Na duba, A kaɗai ke bayan na Amurkan. Direbar Intel tana nan. Amma bayan kwamfutar babu HDMI ko ɗaya, VGA ne da wasu ramuka biyu masu kama da HDMI, gefe ɗaya a yanke. Sannan har yanzu ba wanda ya taɓo baƙin kwalin.

MaiGyara_Jega, Jega

Ramukan nan biyu da kac ce, Malam, DisplayPort sunansu, kuma alheri ne gare ka. Sayi 'yar mahaɗa ko waya mai DisplayPort a kai ɗaya, HDMI a ɗayan. Hoto da sauti duka za su bi ta. Wagga waya hanya ɗaya take tafiya, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na talabijin, ba ta yin akasin haka. Kan DisplayPort yana da 'yan haƙora masu kamawa, sai an danne maɓallin jikinsa ake zarewa. Masu fizga da ƙarfi su ke kawo muna madabod da rami a ɓalle.

Abin da Malama ta bar muna shi ne HDCP. Gaisuwa ce tsakanin kwamfuta da allo: manhaja mai lasisi ba ta sakin hoto sai allon ya nuna shaidar cewa shi allo ne, ba na'urar kwafe ba. HDMI da DisplayPort da mafi yawan DVI suna wagga gaisuwa. VGA ba ya yi, hoton analog yake ɗauka, kuma dokokin AACS sun daɗe da rufe ƙofar analog ga sababbin na'urori. In ka bar monitar VGA a haɗe tana nuna hoto ɗaya da talabijin, PowerDVD na iya ƙin tashi gaba ɗaya ko ta ba ka baƙin allo da sauti. Danna maɓallin Windows da P, zaɓi allo na biyu kaɗai. 'Yan akwatunan nan masu mayar da VGA zuwa HDMI kada ka kusance su don wanga aiki, an gudu ba a tsira ba ne.

Bayan ka haɗa, gyara abu uku. Girman hoto ya zama 1920 da 1080. In gefen allo ya yanke, a saitin talabijin ake gyarawa, nemi Just Scan ko Screen Fit ko makamancinsu. Sannan yawancin fina-finai hoto 23.976 suke a daƙiƙa, kwamfuta kuwa 60 take aikawa, ba su rabuwa daidai, shi ya sa in kyamara na tafiya a hankali za ka ga hoton yana ɗan cijewa. In talabijin ɗin ya yarda, mayar da shi 23 ko 24 a saitin Intel lokacin kallo. Na uku, in baƙi ya koma toka-toka ko duhu ya haɗiye komai, kwamfuta da talabijin sun saɓa a ma'aunin haske, ɗaya na 0 zuwa 255, ɗaya na 16 zuwa 235. Daidaita su su zama ɗaya.

Sauti ma akwai ƙorafin da anka saba ji: harbi da kiɗa kamar za su fasa ɗaki, magana kuwa ba a ji. An tsara sautin don lasifika shida ko takwas, magana tana ta tsakiya. Faɗa wa manhajar lasifika biyu gare ka don ta haɗe su daidai, ko ka zaɓi layin sitiriyo in faifan na da shi.

Baƙin kwali kuwa, ka cire rai da shi a wagga kwamfuta. Faifan 4K ya fito a 2016, giga 66 ko 100 yake ɗauka galibi, kwaɗonsa AACS 2 ne. Kafin kwamfuta ta kunna shi da lasisi sai an haɗa na'urar faifai ta musamman, da allo da waya masu HDCP 2.2, da furosesan Intel mai wani sashen tsaro da ake kira SGX, daga zubi na 7 zuwa na 10. Intel ta cire SGX daga zubi na 11, AMD ba ta taɓa yinsa ba, CyberLink ma ta janye tallafin a sababbin bugunta. Wato ko sabuwar kwamfuta dal ka sayo yau, ba ta yi. Ko da an buɗe kwaɗon, hoton da tsarin HEVC, wato H.265, mai bit 10 anka matse shi, furosesanka bai san shi ba, sai ya yi ta nishi fim na rarrafe. Amma buɗe kwalin da kyau, sau da yawa faifai biyu ke ciki, na biyun Blu-ray ne na yau da kullum. Shi 4K ba ya da shiyya, amma abokin tafiyarsa na iya samu.

Ni a ganina, in kallo kawai ake so, lissafin na'urar faifai da lasisin manhaja da waya yana iya kai kuɗin na'urar Blu-ray ta ɗaki, tokumbo. Ita ba ruwanta da Windows, kuma wutar da take ci galibi ba ta kai wat 20 ba, abin da mai inbata da batir ɗaya zai ji daɗinsa. A nemi ta Ingila: shiyyar B ce, wutarta 220 zuwa 240, filoginta mai ƙafa uku irin namu. Ta Amurka shiyyar A ce, kuma da yawa 120 kaɗai suke ɗauka, soka su a bango kai tsaye hayaƙi ne. Wanda ke da PS3 ko PS4 a gida ya riga ya mallaki na'urar Blu-ray, sai dai PS4 tana son intanet sau ɗaya kafin ta fara kunna fim, kuma shiyyar ƙasar da anka sayo ta take bi. Na 4K sai PS5 mai faifai, ko Xbox One S, One X, ko Series X. PS4 Pro ba ta karanta shi duk da sunan 4K da ake yi mata.

Ƙurar hunturu ita ke kashe idon na'ura a ƙasarmu. Kada a bar tire a buɗe, a rufe kwamfuta da ƙyalle in an kashe. Rubutun Blu-ray milimita 0.1 kacal yake daga fuskar faifai, na DVD 0.6; an yi masa rufi mai tauri da ke jure ƙarzuwa, amma shatin yatsa mai maiƙo kaɗai ya isa ya tsayar da fim. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Kuma kada a bar shi cikin mota a zafin Afrilu, in ya lanƙwashe ya tafi.

Malama_BK, Birnin Kebbi

Maigyara ya yi gaskiya a kan 4K, amma na'urar ɗaki ta Ingila ba za ta kunna masa na Amurkan ba, tunda A kaɗai ne. A nan kwamfuta ta fi ta.

Hanya ta uku a kwamfuta ita ce manhajar MakeMKV. Tana karanta faifan, ta fitar da fim ɗin zuwa fayil guda mai ƙarshen mkv, ba tare da ta rage ingancin hoto ko sauti ba, kuma ba ta kula da shiyya. Sashenta na Blu-ray gwajin kwana 30 ne, daga nan sai lasisi ko mabuɗin gwaji da masu ita ke sabuntawa. A cikin saitinta akwai shafin Integration, in ka sa wa VLC alama a wurin, VLC za ta riƙa aron mabuɗinta ta kunna faifan kai tsaye, ba sai an yi wahalar KEYDB ba.

Kafin nan, kalma ɗaya a kan doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta yi magana a kan kauce wa kariyar fasaha da aka sa wa aiki, ba kwafe kaɗai ba. Hanyar da babu ƙura a cikinta ita ce manhaja mai lasisi ko na'urar ɗaki. Tura wa mutane a waya, ko sayarwa, ko haskawa a gidan kallo ba da izini ba, wannan babu ma abin tattaunawa a kai.

Ga wanda zai yi aiki da ita a kan faifansa, fim na awa biyu yakan ci giga 20 zuwa 35, karatun kuma rabin awa zuwa awa guda. Rumbun da za a zuba shi ya zama NTFS ko exFAT. Yawancin filashi da FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil da ya haura giga 4, sai ya ce babu wuri alhali filashin fanko ne. A sa UPS, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya daga farko za a koma. In jerin ya fito, fim ɗin shi ne mai tsawon lokacin da aka rubuta a bayan kwali. Wasu kamfanoni suna cika faifai da jerin bogi masu yawa, duka tsawonsu ɗaya amma an hargitsa tsarin fitowa. In ka ga irin haka, kada ka ɗauki na farko da ka, ka duba wanda MakeMKV ta yi wa alamar babban fim, wannan kuma sai da Java a kwamfutar take iya ganowa. A wajen rubutun ƙasa ka bar wanda aka rubuta wa forced, shi ne ke fassara wuraren da 'yan wasa suka juya wani harshe.

In giga 30 ya yi yawa, manhajar HandBrake tana matse shi. Ita ba ta buɗe kwaɗo, fayil ɗin mkv za ka ba ta. Zaɓi H.264, ma'aunin inganci RF tsakanin 20 da 23, lamba ƙarama na nufin hoto mafi kyau da fayil mafi girma. A i5 na zubi na uku aikin sa'o'i ne, furosesa a cike, saboda haka a fara hure ƙurar fanka, kuma a yi shi da dare in gari ya yi sanyi. Ba na ba da shawarar H.265 a wannan kwamfutar, matsewar ta fi jinkiri, kunnawar ma furosesa ne zai ɗauka a ka.

Tarko na ƙarshe shi ne Cinavia, wata ɓoyayyiyar alama da ake sakawa cikin sautin wasu fina-finai. Kwafe da matsewa ba sa goge ta. Na'urorin Blu-ray masu lasisi da aka yi daga 2012 suna sauraronta, haka PS3. In aka ƙona kwafi a faifai aka saka musu, fim zai tashi lafiya, bayan kamar minti 20 sauti ya ɗauke, saƙo mai lamba 3 ya fito a allo. Mutane kan ɗauka lasifika ce ta lalace. Faifan asali ba ya yin haka, VLC kuma ba ta sauraron alamar.

Injiniya_Kaura, Kaura Namoda

Ƙarin bayani kan sayayya, Malam: za ka ji ana cewa WH16NS40 tana karanta 4K in an sauya mata manhajar cikinta. Ana yi, amma ya danganta da shekarar ƙira da guntun da ke ciki, in aka ɗora wadda ba tata ba na'urar ta mutu murus. Tunda kwamfutarka ba za ta iya jan hoton ba, kada ka biya ƙarin ko sisi don an ce maka an riga an sauya. Ka ce wa ɗan aiken ya haɗo da sabuwar wayar SATA guda ɗaya, mai maƙalli na ƙarfe a kai. Tsoffin na cikin tokumbo sukan saki, sai na'ura ta riƙa ɓacewa a tsakiyar fim a ɗora wa leza laifi.